Gazawar Zuciya a Lokacin Jego: Bitar Binciken Zariya, Sakkwato da Kano da Abin da Ya Shafi Masarautar Daura

Tsakure

Maƙalar ta yi bitar binciken da aka wallafa daga 1978 zuwa 2020 kan gazawar zuciya da ke kama mata a ƙarshen goyon ciki da farkon jego. An daɗe ana ɗora wa wankan jego da kunun kanwa laifi, amma hujjojin baya-bayan nan sun fi karkata ga hawan jinin masu ciki, rama da ƙarancin sinadarin siliniyam. Daga nan aka fitar da abin da ya kamata bincike a ƙasar Daura ya auna.

Gabatarwa

Cutar kan bayyana da haki, kumburin ƙafa, tari da kasa kwanciya rigingine, a jikin macen da ba a san ta da ciwon zuciya ba. Bisa ma'aunin da Ƙungiyar Likitocin Zuciya ta Turai ta fitar a 2010, ana tabbatar da ita ne idan hoton zuciya ya nuna ɗakin hagu na ƙasa yana tura ƙasa da kashi 45 cikin 100 na jinin da ke cikinsa, kuma ba a sami wani sanadi ba. A gida kuwa, kumburin mai jego sanyi ake kiransa, maganinsa kuma a ƙara wuta.

Abin da bincike ya nuna

A 1978 Davidson da Parry suka wallafa bayanin mata 224 da suka gani a Zariya. Sun danganta cutar da wanka da tafasasshen ruwa, kwanciya a kan gadon ƙasa mai wuta a ƙarƙashi, da kunun kanwa. Bayanin yana da ma'ana: kanwa na ɗauke da gishirin sodiyam mai tara ruwa a jiki, zafi kuma na buɗe jijiyoyin fata ya ƙara wa zuciya aiki. Sanderson da abokan aikinsa, a 1979, sun ɗauki hoton zuciyar marasa lafiya a Zariya suka ga da yawansu zuciyar na bugawa da ƙarfinta, ruwa ne ya yi mata yawa. Wato wasu daga cikin matan na Zariya ba za su shiga ma'aunin 2010 ba, abin da masu kawo waɗannan alƙaluma ba kasafai suke ambatawa ba.

A Sakkwato, Isezuo da Abubakar sun ba da rahoto a 2007 cewa ana samun mace ɗaya mai cutar cikin haihuwa 102.

Aikin Farfesa Kamilu Karaye na Jami'ar Bayero ne ya sauya akalar muhawarar. A 2015 ya kwatanta marasa lafiya 39 da masu jego lafiyayyu 50 a Kano: kashi 76.9 na marasa lafiyar siliniyam ɗinsu ya yi ƙasa ƙwarai, a lafiyayyun kuwa kashi 22. Tun 1992 Cénac ya ba da rahoton irin wannan ƙaranci a Yamai, kuma an san rashin sinadarin ne tushen cutar Keshan a ƙasar Sin. Sai rajistar PEACE ta 2020, mai marasa lafiya 406, wadda ta sami mace ɗaya cikin haihuwa 96 a Kano. Rashin karatun boko, rashin sana'a, rama da tarihin hawan jinin ciki mai kaiwa ga jijjiga su ne suka fito fili a matsayin abubuwan da ke da alaƙa da cutar. Wankan jego da kunun kanwa ba su nuna alaƙa ba. Cikin mata 244 da aka bibiya, kashi 18.7 sun rasu.

Tattaunawa

Wannan bai wanke kanwa gaba ɗaya ba. Inda kusan kowace mai jego ke yin al'ada, kwatanta masu yi da marasa yi ba ya da ƙarfi, kuma tambayar "kin sha kunun kanwa?" ba ta auna yawan da aka sha. Ga macen da zuciyarta ta riga ta raunana, kanwa illa ce ko da ba ita ta jawo cutar ba. Sai dai gina wayar da kai kacokan a kan yaƙi da wanka yana sa kakanni da ungozomomi su juya baya, alhali su ne ke fara ganin kumburin.

Daura, Baure, Zango, Sandamu da Mai'aduwa yanki ne na karkara da ke cin gero da dawar da ya noma, don haka abin da ƙasar noma ta rasa, jiki ma zai rasa. Ya dace a auna siliniyam a hatsi da jini tare. Ya dace kuma a auna kanwa da nauyi, a rubuta hawan jini tun daga awon farko har bayan arba'in.

Akwai matsalar bibiya. 'Yar fari wankan gida take tafiya, gidan iyayen kuma yana iya kasancewa bayan Kongolam, cikin Nijar. Duk rajistar da aka kafa a asibitin Daura kawai za ta rasa irin waɗannan mata a makonnin da cutar ta fi bayyana, sai fa idan tun ranar awo an karɓi sunan garin da za a yi jegon, tare da lambar wayar mai yi mata wankan.