Husufin Rana na 1919 a Bakin Tekun Gini

Ran Alhamis, 29 ga watan Mayu 1919, bayan azahar, aka yi husufin rana a Afirka ta Yamma. A Ikko da wasu garuruwan bakin teku, duk wanda gajimare bai tare masa ba ya ga rana tana raguwa kaɗan kaɗan, kamar ana gutsurarta daga gefe, har abin da ya saura ya zama kamar jinjirin wata. Haske ya dusashe, amma gari bai yi duhu ba. Can kuwa cikin teku, a wani ɗan tsibiri da a ke kira Principe, kamar mil 200 kudu da bakin kogin Kwara, rana ta rufe ƙirin har kamar minti 5. A cikin waɗannan mintoci aka yi wani awo wanda ya sake tunanin masana a duniya duka.

Bari mu fara da dalilin wannan bambanci. Husufin rana yana aukuwa ne sa'ad da wata ya shiga tsakanin rana da duniya, inuwarsa ta faɗo mana. Rana ta fi wata faɗi kamar sau 400, amma kuma ta fi shi nisa daga gare mu kamar sau 400, shi ya sa idonmu ke ganinsu kusan daidai da juna. Inuwar wata kashi biyu ce. Akwai baƙa ƙirin a tsakiya, wadda faɗinta da wuya ya kai mil 170, sa'an nan akwai mai sauƙi kewaye da ita, wadda ta kan mamaye dubban mil. Wanda baƙar inuwa ta bi ta kansa, shi ke ganin rana ta rufe duka. Wanda ke cikin mai sauƙin, sashe kaɗai ya ke gani ya rufe. A ran nan baƙar inuwar ta ratso Barazil, ta ƙetare Tekun Atlantika, ta bi ta Principe, ta shiga tsakiyar Afirka. Ikko tana arewa da wannan hanya, don haka rabonta husufin sashe.

To, me ya kai masana wannan tsibiri? A 1915 wani masani haifaffen Jamus, Albert Einstein, ya fito da sabon bayani game da ƙarfin da ke jawo abubuwa zuwa ga juna, watau abin da ke sa dutse ya faɗo ƙasa, duniya kuma ta riƙa kewaya rana. Fiye da shekara 200 ke nan ana bin bayanin Isaac Newton, mutumin Ingila, a kan wannan al'amari. Einstein ya ce hasken tauraro, in ya gifta kusa da rana, zai ɗan karkace, har a ga tauraron kamar ya gusa daga mazauninsa. Ya kuma faɗi yawan gusawar, ninki biyu na abin da lissafin Newton ya bayar. Gusawar ƙanƙanuwa ce ƙwarai, misalin faɗin kuɗin ƙarfe mai inci 1 in an hange shi daga nisan kusan mil 2.

Wuyar abin ita ce ba a ganin taurarin da ke kusa da rana, gama haskenta ya kan shafe su. Ko sirara ɗaya ta rana ta saura a buɗe, ta isa ta ɓoye su. Saboda haka husufin sashe irin na Ikko ba shi da amfani ga wannan awo, dole sai inda rana ta rufe sarai. An kuwa yi sa'a, domin a ran nan rana tana gaban wani gungun taurari masu haske da Turawa ke kira Hyades.

Sir Frank Dyson, babban masanin taurari na Sarkin Ingila, shi ya shirya tafiyar. Ya aika da mutum biyu, Crommelin da Davidson, zuwa Sobral a Barazil, wasu biyu kuma, Arthur Eddington da Cottingham, zuwa Principe, wadda a lokacin tana hannun Fotugal. Suka tashi daga Ingila a jirgin ruwa cikin watan Maris. A tuna fa, Babban Yaƙi bai daɗe da tsayawa ba, sai a Nuwamba 1918 aka daina harbi, zukatan mutanen Ingila kuwa cike su ke da ƙin duk abin da ya fito daga Jamus. Eddington mutum ne wanda addininsa ya hana shi ɗaukar makami, ya kuma tsaya a kan cewa magana ta ilmi da awo a ke gwada ta, ko daga bakin wa ta fito.

Su Eddington suka sauka Principe cikin Afrilu, suka kafa madubinsu na hangen nesa a wata gonar koko mai suna Sundy. Da ranar ta zo, aka wayi gari da ruwa kamar da bakin ƙwarya, da tsawa. Sai wajen tsakar rana ruwan ya ɗauke, amma gajimare bai washe duka ba. Da duhu ya sauko suka yi ta ɗaukar hoto ba tsayawa, har guda 16. Da aka wanke, biyu kaɗai suka nuna taurari yadda za a iya aunawa. Mutanen Sobral sun fi su dace da sararin sama. Aka gwada waɗannan hotuna da na taurarin nan da aka ɗauka da dare, sa'ad da rana ba ta gabansu.

Ran 6 ga Nuwamba 1919 aka yi babban taron masana a Landan, aka bayyana cewa taurarin sun gusa, gusawar kuma ta fi kusa da lissafin Einstein. Kashegari jaridu suka ɗauka, sunansa ya gama duniya. Wasu masana ba su gamsu ba, suka ce hotunan sun yi kaɗan. Sai aka sake awon a husufin 1922 a Ostareliya, aka sami abin da ya ƙarfafa na farko, kayan aiki na baya kuma sun tabbatar da shi sosai.

Irin wannan husufi ya sake ziyartar bakin tekun nan ran 29 ga Maris 2006. Baƙar inuwa ta sauka a gaɓar Gana, ta bi ta Togo da Benin, ta ratsa Arewacin Nijeriya da Nijar, Ikko kuma ta sake samun husufin sashe. In wani ya zo a garinku, kada ku dubi rana da ido, ko da ta ragu ainun, domin sirarar da ta saura tana iya ƙona ido ba tare da an ji zafi ba. Ku huda takarda da allura, ku bar haske ya bi ta hudar ya faɗa kan wata farar takarda, za ku ga siffar rana da gutsurenta. Ko kuwa ku duba ƙarƙashin itace mai ganye, inda haske ke ratsowa: za ku ga ƙananan siffofin jinjirin wata birjik a ƙasa.