Gasar Katin Hoto da Asalin Mizanin Wasannin Kwamfuta

A shekarar 1996 kamfanin 3dfx na Amurka ya fito da katin sarrafa hoto mai suna Voodoo, kuma da shekara ta kewayo aka daidaita wasan Quake da shi, sai ma'abota wasannin kwamfuta suka ga abin al'ajabi, domin hotunan da a da suke da kaushi sun koma sumul, suna gudana babu tangarɗa. Ba a jima ba kamfanonin Nvidia da ATI suka ja daga, kowanne yana da'awar fifiko. Da yake kuwa da'awa ba ta tabbata sai da hujja, jama'a suka nemi mizani, aka shiga ƙidayar hotunan da kati ke zanawa cikin daƙiƙa guda, har kamfanin Futuremark na ƙasar Finlan ya ƙago manhajar 3DMark a 1998 saboda wannan hisabi.

Mizanin ya amfanar ƙwarai, amma bai tsira daga fitina ba, don a 2003 Futuremark ya zargi Nvidia da yi wa gwajin dabara. Abin da ya fi damuna shi ne, tun daga wancan zamani mai saye ya koyi tambayar adadi kafin ya tambayi daɗin wasa. Shi kuwa 3dfx, gasar ba ta yi masa daɗi ba, don tun a ƙarshen 2000 ya amince ya sayar wa Nvidia kadarorinsa.