Ƙungiyar James Lind Alliance

James Lind Alliance ƙungiya ce da aka kafa a Birtaniya a shekarar 2004, aka laƙaba mata sunan likitan nan da ya jarraba lemo a kan ma'aikatan jirgin ruwa masu ciwon zubar jinin dasashi a 1747. Da yake abin da malaman bincike suke himmatuwa a kansa sau da yawa yakan saɓa wa abin da ke damun marar lafiya, sai ƙungiyar takan tara marasa lafiya da masu jinyarsu da likitoci, su tace mas'alolin da ilimi bai warware ba tukuna, har su yi ittifaƙi a kan goma mafi muhimmanci, a miƙa wa masu ba da kuɗin bincike. Kamfanonin magani ba su da ƙuri'a a wannan shawara.