SHARI'AR RAWANIN GWANDU: SHEKARA ASHIRIN A GABAN ALƘALAI

Ni mutumin Jiga Birni ne, a cikin ƙaramar hukumar Aliero. Mu da Jega da Maiyama duk ƙasar Gwandu ce, wato Sarkin Gwandu da ke zaune a Birnin Kabi shi ne ubanmu. Ina goye a bayan mahaifiyata aka fara rikicin da zan ba da tarihinsa, ba a kuwa gama shi ba sai da na shiga jami'a. Saboda haka nake kiran wannan shari'a sa'ata, don tare muka girma.

Kafin mu shiga cikin magana, ya kamata mu waiwayi baya kaɗan. Gidan sarautar Gwandu gidan Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ne, wanda aka damƙa wa yammacin daular Sakkwato. Da Turawa suka ci ƙasar nan a 1903, sai suka ce ikon naɗa sarki da tuɓe shi ya koma hannun Gwamna. Ba su daɗe ba suka gwada wannan iko a kanmu, domin bayan tawayen Satiru na 1906 sun tuɓe Sarkin Gwandu na lokacin bisa zargin yana da hannu a ciki. Turawa sun tafi a 1960, amma ba su tafi da wannan sanda ba, sun bar wa magadansu. Da ita aka raba Sarkin Kano Muhammadu Sanusi da gadonsa a 1963 aka kai shi Azare, da ita kuma gwamnatin soja ta tuɓe Sarkin Musulmi Ibrahim Dasuƙi a 1996.

To, a 1995 Allah ya yi wa Sarkin Gwandu Haruna Rashid rasuwa, bayan ya shekara 41 a kan gado. Aka naɗa ɗansa Almustafa Haruna Jokolo, tsohon hafsan soja wanda ya taɓa zama dogarin Janar Muhammadu Buhari. Shi ne sarki na 19. Ran 3 ga watan Yuni, 2005, gwamnatin Jihar Kabi a ƙarƙashin Gwamna Muhammadu Adamu Aliero ta ba da sanarwar tuɓe shi. Daga cikin laifuffukan da aka ɗora masa akwai furta maganganun da aka ce suna iya ta da hankalin ƙasa. Aka fitar da shi zuwa Jihar Nasarawa, aka tsare shi a garin Obi, sa'an nan aka naɗa Janar Muhammadu Iliyasu Bashar, shi ma ɗan gidan ne, ya zama sarki na 20.

Mai karatu zai gane irin tsaka mai wuyar da mutanenmu suka shiga. Sarkin da aka tuɓe sarkinmu ne, gwamnan da ya tuɓe shi kuwa ɗanmu ne na Aliero. Na taso na iske manyan gidanmu sun rabu biyu a kan wannan magana, har in an dawo daga kasuwar Jega aka zauna hira a zaure, da wuya a tashi ba a taɓo ta ba. Wata rana na tambayi kakana, na ce, "Kaka, wai wa ke da gaskiya?" Ya dube ni ya ce, "Yaro, wanda yan naɗa, shi ka tuɓewa. Abin tambaya ɗai shi na, ya bi hanya ko bai bi ba?" A lokacin ban fahimce shi ba, sai daga baya na ga ashe tambayar da aka kai gaban alƙalai ke nan.

Shari'ar ta rabu gida biyu. Ta farko a kan korar sarki daga ƙasarsa ce. A 2013 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke cewa gwamna ba shi da ikon ya kori ɗan ƙasa ya tsare shi a wani gari ba tare da shari'a ba, domin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa 'yancin walwala da zama inda ya so. Wannan hukunci ba ƙaramin abu ba ne, gama ya soki al'adar da aka gada tun zamanin Lugga. Ko da aka tuɓe Sarkin Kano Muhammadu Sanusi na biyu a 2020 aka kai shi Awe, lauyoyi sun yi ta ambaton shari'ar Jokolo.

Ta biyu kuwa a kan rawanin kansa ce. A watan Disamba na 2014 Babbar Kotun Jihar Kabi ta ce tuɓewar ba ta bi doka ba, domin dokar naɗa sarakuna da tuɓe su ta ce sai an yi bincike an kuma shawarci majalisar sarakuna, ba a kuwa yi haka ba. Ta ba da umurni a mai da Jokolo kan gadonsa. A 2016 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Sakkwato ta tabbatar da wannan hukunci. Gwamnati da sarki mai ci suka wuce Kotun Ƙoli, inda magana ta kwanta shekara tara. Sai ran 4 ga watan Yuni, 2025, alƙalai biyar suka yanke hukunci, uku suka rinjayi biyu. Masu rinjaye, da bakin Mai Shari'a Emmanuel Agim, suka ce doka ta wajabta wa mai ƙorafi ya fara kai kukansa wurin gwamna kafin ya je kotu, tun da Jokolo bai yi haka ba, kotun farko ba ta da hurumin sauraron ƙarar tun asali. Da haka aka rushe hukuncin kotunan ƙasa, Sarki Bashar ya tabbata a kan gado.

Hukuncin Kotun Ƙoli ya zauna, ba mai ɗaga shi, kuma kowa ya ji daɗi da ba a zub da jini ba. Amma a ganina akwai abin dubawa. Gwamnoni huɗu aka yi ana wannan shari'a, wato Aliero da Dakingari da Bagudu da Nasir Idris, amma aka rufe ta ba tare da kotun ƙarshe ta amsa tambayar kakana ba. Sa'an nan dokar da ta ce wanda aka tuɓe ya fara kai kuka gun ofishin da ya tuɓe shi, ai kamar a ce da akuya ta kai ƙara wurin kura ne. Laifin ba na alƙalai ba ne, su abin da aka rubuta suka karanta. Gyaran yana hannun majalisar dokoki, ita ce za ta iya kafa hukuma mai zaman kanta da za ta saurari sarki kafin a taɓa rawaninsa, ta kuma yanka wa irin wannan ƙara wa'adi.

Ya 'yan'uwana ɗalibai, mu da muke nazarin kirarin sarakuna da waƙoƙin fada, ya kamata mu san dokar da ke riƙe da rawanin da ake yi wa kirarin. Kakana bai ga ƙarshen shari'ar ba, Allah ya jiƙansa. Tambayarsa dai tana nan, kuma in ba a gyara dokar ba, wata masarautar za ta sake yin ta.