Karnukan Yaƙi: Bashin da Amurka Ta Daɗe Ba Ta Biya Ba

Ranar 28 ga Oktoba, 2013, jama'a sun cika wani fili a sansanin sojin sama na Lackland da ke birnin San Antonio a jihar Teksas. Akwai matasan sojoji cikin kaki, kowanne riƙe da igiyar karensa, akwai kuma dattawa masu furfura da suka yi yaƙin Biyetnam. Sun zo ne domin buɗe dandalin tunawa da karnukan soja da mutanen da suka yi aiki da su. A tsakiyar dandalin an kafa mutum-mutumin soja na tagulla mai tsayin ƙafa 9, wanda Paula Slater ta ƙera, kewaye da karnuka huɗu, wakilan jinsunan da sojojin Amurka suka fi amfani da su tun Yaƙin Duniya na Biyu: Doberman, da karen makiyaya na Jamus, da Labrador, da Malinois na Beljiyam.

Ga matasan, rana ce ta alfahari. Ga dattawan kuwa, rana ce ta sauke nauyin da suka yi shekara arba'in da ɗoriya suna ɗauke da shi.

Labarin ya faro ne a 1942, watanni kaɗan bayan Japan ta kai hari Pearl Harbor. A lokacin sojojin Amurka ba su da karnukan aiki na a-zo-a-gani, sai wata ƙungiya mai suna Dogs for Defense ta shiga roƙon jama'a su ba da aron karnukan gidajensu. Dubban iyalai suka amsa kira. Ranar 13 ga Maris na shekarar, rundunar ƙasa ta ƙaddamar da shirin horar da su. A yaƙin ƙwato tsibirin Guam a 1944, karnuka 25 na zaratan sojojin ruwa ne suka mutu a bakin daga. Da aka ajiye makamai, gwamnati ta sake horar da akasarin waɗanda suka tsira don su saba da zaman gida, ta mayar wa masu su, ko ta bar wa sojojin da suka riƙe su. Wato tun farko ƙasar ta san yadda ake sallamar abokin aiki cikin mutunci.

A Biyetnam ne aka fi cin moriyar kare. Ƙasa ce ta kurmi da fadama, inda mutum ba ya hango abin da ke gabansa taku goma, mayaƙan Biyet Kong kuma sun gwanance wajen kwanton ɓauna da binne nakiya da haƙa ramuka. Sai aka riƙa sa karen leƙen hanya da mai riƙe da shi a gaban ayari, wurin da ya fi ko'ina haɗari. Karen ba ya haushi, don haushi tona asiri ne. Idan ya shaƙi ƙanshin mutum ko na albarushi, sai ya tsaya cak, ya miƙar da kunnuwa, gashin bayansa ya tashi. Kowane kare da irin alamarsa, kuma mai riƙe da shi kaɗai ya san fassararta. Shi ne zai durƙusa, ya ɗaga hannu, ayari duka ya tsaya. Saboda haka sojan yakan ciyar da karensa kafin ya sa loma a baki, ya duba tafin ƙafarsa ko ƙaya ta soke shi, ya cire masa matsattsaku, ya raba ruwan gorarsa da shi. Kimanin karnuka 4,000 ne suka yi wannan yaƙi, kuma tsofaffin sojoji sun ƙiyasta cewa sun ceci rayuka wajen 10,000.

Wanda ya fi suna a cikinsu shi ne Nemo. A watan Disamba na 1966, 'yan Biyet Kong suka kutsa sansanin jiragen sama na Tan Son Nhut da ke kusa da Saigon. Cikin dare Nemo ya gano wasu da suka laɓe, ya afka musu. Harsashi ya same shi a fuska, ya rasa ido ɗaya, ubangidansa Robert Throneburg shi ma aka harbe shi ya faɗi. Karen ya ja jiki ya kwanta a kan sojan, ya hana kowa matsowa, har da masu agajin da suka zo ɗaukarsa, sai da aka yi dabarar janye shi. Dukansu biyu sun rayu. An mayar da Nemo Lackland, inda ya mutu a 1972.

Nemo na cikin 'yan tsirarun da suka yi sa'a. A lissafin ma'aikatar tsaro, kare kayan aiki ne, daidai da tanti ko tayar mota. Da Amurka ta fara janye dakarunta, aka ƙi dawo da karnukan, bisa dalilin tsoron cututtuka da kuɗin jigila. Kimanin 200 kacal suka fita daga ƙasar. Sauran da ba su mutu a fagen fama ko ta hanyar ciwo ba, wasu aka yi musu allurar mutuwa, wasu aka miƙa wa sojojin Biyetnam ta Kudu, waɗanda ba su da halin riƙe su. An ci moriyar ganga, an yar da kwaurenta. Sojojin da suka nemi izinin tafiya gida da karnukansu aka hana su, har wasu suka ƙara wa'adin aikinsu don kada su rabu da su.

John Burnam na cikin waɗanda wannan abu ya tsaya wa a rai. Ya yi aiki da wani karen Jamus mai suna Clipper, kuma a 1968 ya baro shi a Biyetnam, bai sake ganinsa ba. Ya rubuta littafi kan abin da suka gani tare, ya shiga yawo gari-gari yana ba da labari. Muryarsa da ta 'yan uwansa ta soma tasiri. A Nuwamba 2000, Shugaba Bill Clinton ya sa hannu kan dokar da ake kira Dokar Robby, wadda ta ba da damar a karɓi karen da ya tsufa a riƙe shi a gida maimakon a kashe shi. Daga nan ɗan majalisa Walter Jones na jihar Karolina ta Arewa ya gabatar da ƙudurin gina dandalin, Shugaba George W. Bush ya sa hannu a 2008. Gwamnati ta ba da izini da fili, amma kuɗin ginin, kimanin dala miliyan 2, daga gudummawar jama'a da kamfanoni aka tara.

Ba a zaɓi Lackland haka kawai ba. Tun 1958 ake horar da karnukan soja a can, kuma har yau nan ce babbar makarantarsu, da asibitinsu na musamman. Daga nan ake tura masu gano bama-bamai irin waɗanda aka dasa a hanyoyin Iraƙi da Afganistan, aikin da har yanzu hancin kare ya fi na'ura iyawa.

A gefen dandalin akwai wani ƙaramin mutum-mutumi da ya fi taɓa zuciyar dattawan. Sojan zamanin Biyetnam ne yana tsiyaya ruwa daga gorarsa cikin hular kwano, karensa na jingine da shi. Ruwan na gaske ne, yana gudana, kuma duk karen da aka kawo ziyara yana iya sha. Mai karatu Musulmi zai tuna da hadisin mutumin da ya sauka rijiya ya ɗebo ruwa a takalminsa ya shayar da kare mai ƙishirwa, Allah ya gafarta masa. Tausayin dabba ibada ce, balle dabbar da ta tsaya tsakaninka da mutuwa.

Tagulla ba za ta dawo da Clipper da dubban 'yan uwansa ba, kuma Burnam ya fi kowa sanin haka. Amfanin dandalin shi ne ya zama shaida a bainar jama'a cewa an yi kuskure, ya kuma ɗaure hannun masu mulkin gobe. An ga alamar hakan a 2015, lokacin da majalisa ta wajabta dawo da karnukan da suka gama aiki a ƙetare zuwa gida, ta kuma ba sojojin da suka riƙe su fifiko wajen karɓarsu. Sai da aka shafe shekara arba'in, da naci na mutanen da suka ƙi mantawa, kafin hukuma ta yarda cewa wanda ya yi maka aiki da ransa yana da haƙƙi a kanka, ko da ba ya iya buɗe baki ya nema.