Gangunan Da Ake Kai Amarya Da Su: Tarihin Khal Ɗin Modena

  Yau filin namu na tarihi zai ɗauke mu zuwa arewacin ƙasar Italiya, wajen wasu garuruwa biyu maƙwabtan juna, Modena da Reggio Emilia. Uwargida ki gyara zama, domin labarin na cikin gida ne, kuma akwai hannun mata a ciki.

Italiya ƙasar inabi ce, kuma mafi yawan inabin da suke nomawa giya suke yi da shi, wannan kuwa ba hurumin filinmu ba ne. Amma a waɗannan garuruwa biyu akwai gidajen da suka ɗauki inabin suka bi wata hanya daban da shi, suka mayar da shi khal, wato ruwan tsamin nan da muke ɗigawa a kwaɗon latas. Khal dai ba baƙonmu ba ne, domin ya zo a Sahihu Muslim cewa Manzon Allah (SAW) ya yabe shi a matsayin mahaɗin abinci. Sai dai nasu ya sha bamban da farin nan mai kama da ruwa da muka sani. Baƙi ne wuluk, mai sheƙi, yana da kauri kamar zuma, ga zaƙi ga tsami a haɗe. Suna kiransa balsamiko, kuma na asalin ba ya fita kasuwa sai ya shekara 12 a ƙalla.

Bari mu fara da yadda ake yin sa, don sai kin gane wannan za ki gane tarihin. Da kaka, wajen watan Satumba zuwa Oktoba, ake tsinke inabin, galibi wani fari mai suna Trebbiano da wani ja mai suna Lambrusco. A matse ruwan, nan take a zuba a babbar tukunya buɗaɗɗiya a ɗora kan wuta marar ƙarfi, ya yi ta dahuwa awa da awanni, wani lokaci har a kwana, sai ya ƙone da kamar kashi ɗaya cikin uku ko ma rabi, ya yi duhu ya yi danƙo. Wannan dafa ruwan inabi tsohon aiki ne tun zamanin Rumawa. Mawaƙinsu Virgil, wanda aka haifa kusa da Mantova, ba nisa da wannan yanki, ya siffanta matar manomi tana tsaye kan tukunyar da dare tana kwashe kumfa da ganye. Kin ga ke nan fiye da shekara dubu biyu da suka wuce ma mace ce a bakin murhun.

Idan ya huce sai a bar shi. Yis ya ci wani ɓangare na sukarin ya mayar da shi barasa, sannan wasu ƙwayoyin halitta masu kawo tsami su cinye barasar su mayar da ita khal. Ko'ina a duniya haka khal na asali yake samuwa. Abin da ya bambanta mutanen Modena shi ne inda suke ajiye shi. Masu giya cikin rami suke kai gangunansu, ƙarƙashin ƙasa, inda sanyi ba ya canzawa. Su kuwa masu khal sama suke hawa da shi, can ɗakin ƙarshe na bene, ƙarƙashin rufi, inda zafi yake gasa mutum da bazara, sanyi kuma ya daskarar da shi da hunturu. Zafin ne yake sa ruwan ya tashi khal ɗin ya yi kauri, sanyin kuma ya sa ya kwanta ya tace.

A wannan ɗaki za ki tarar da gangunan katako a jere, biyar ko shida ko bakwai, daga babba zuwa ƙarama kamar jeren kwalla, babbar tana cin wajen lita 60, ƙaramar wajen lita 10 zuwa 15. Jeren gaba ɗaya suna ce masa batteria. Kowace ganga da irin itacenta, kuma kowane itace da abin da yake bayarwa: itacen ceri yana sa masa ƙamshin 'ya'yan itace, wanda suke kira kastanyo yana ƙara masa duhu, junifa kuma ƙamshinsa mai ƙarfi ne kamar na ƙaro, shi ya sa ba a cika yawaita shi ba. Ba a toshe bakin gangar, ɗan farin ƙyalle kawai ake shimfiɗawa a kai don ƙura da ƙwari, iska kuwa ta shiga ta fita.

To ga inda hikimar take. Sau ɗaya a shekara, da hunturu, sai a hau sama a ɗebi kaɗan daga ƙaramar ganga, abin da bai wuce lita ɗaya ko makamancin haka ba. Wannan shi ne rabon gidan na shekara guda cur. Gurbin da aka bari, da wanda zafi ya shanye, sai a cike shi daga gangar da ke bi mata, ita ma a cike ta daga ta gabanta, haka haka har a kai babbar, ita ce kaɗai ake zuba wa sabon dafaffen ruwa. Ba a taɓa juye ganga ƙarƙaf. Ma'ana, cokalin da jika za ta lasa yau, akwai ɗigon abin da kakarta ta dafa a cikinsa. Ni wannan ne ya fi kama ni a duk labarin.

Saboda haka ne abin ya shiga al'adar aure. A gidaje masu hali, idan aka haifi 'ya mace akan kafa mata jeren gangunanta. Tana rarrafe khal yana tsami, tana tasawa yana kauri, ranar da za a kai ta ɗakin miji sai a haɗa da gangunan cikin kayanta. Uwar da ta fara tara wa 'yarta kwano tun tana goye ba ta buƙatar a yi mata dogon bayani a nan. Bambancin kawai, kwano yana tsufa ya rage daraja, ganga kuwa tsufanta ne kuɗinta. Kuma a wannan yanki suna da suna na musamman ga matar da ke riƙe da gida, rezdora, wato mai juya gida, wadda rumbu da madafa da lissafin abin da za a ci duk suke hannunta. Ta hanyar irin waɗannan aure ganguna suka riƙa ƙaura daga wannan zuri'a zuwa waccan, tare da sirrin kula da su.

Yanzu mu koma fada. Labari mafi tsufa da ake kafa hujja da shi na shekarar 1046 ne. Sarkin Jamus Henry na Uku yana kan hanyarsa ta zuwa birnin Rum don a naɗa shi sarkin sarakuna, sai ya aika wa Bonifacio, mai mulkin Canossa kusa da Reggio Emilia, cewa ya ji labarin khal ɗinsa yana so ya ɗanɗana. Bonifacio kuwa ya sa aka ƙera ƙaramar ganga ta azurfa, aka cika ta, aka ɗora a keken shanu aka kai masa. Wani malamin coci mai suna Donizone ne ya rubuta wannan wajen shekarar 1115, cikin littafin tarihin 'yar Bonifacio, wato Matilda. Ita ma Matildar nan ba ƙaramar mace ba ce, ta mulki babban yanki na Italiya, kuma a ƙofar ganuwarta ne ɗan wancan sarki, Henry na Huɗu, ya tsaya kwana uku cikin ƙanƙara a 1077 yana neman afuwar Fafaroma. Amma wannan labarin wata rana ne.

Sunan balsamiko kansa ya zo daga baya. A 1598 sarakunan gidan Este suka rasa birninsu Ferrara suka dawo Modena da zama, suka ware wa khal ɗaki a ɗaya daga hasumiyoyin fadarsu. A cikin littafin lissafin ma'ajiyar fadar, na shekarar 1747, aka fara ganin kalmar a rubuce. Asalinta daga sunan man shafawa mai warkarwa ne, don a lokacin kusan magani suka ɗauke shi, ana lasar cokali bayan cin abinci saboda ciki, ana kuma aika shi kyauta ga sarakunan wasu ƙasashe.

Sai dai fada ba ta iya riƙe shi ba. A 1796 sojojin Faransa ƙarƙashin Napoliyon suka shigo, Sarki Ercole na Uku ya gudu, aka yi gwanjon kayan fada har da ganguna, attajiran gari suka saya suka hau da su benayensu. Da gidan sarautar ya dawo mulki bayan 1814 aka sake raya na fadar, amma a 1859 sarkinsu na ƙarshe, Francesco na Biyar, shi ma ya bar gari lokacin da ake haɗe Italiya ta zama ƙasa ɗaya. A 1860 Sarki Vittorio Emanuele na Biyu ya zo Modena, ya ga gangunan suka ba shi sha'awa, ya ba da umarni a kwashe mafi kyawu a kai masa gidansa na Moncalieri kusa da Torino. Daga nan labarinsu ya ɓace. An ɗauki katakon, an bar masu sanin lokacin ɗiba da lokacin cikawa a baya, an kuma bar irin zafin da sanyin Modena. Abin da sarakuna suka yi fiye da shekara ɗari biyu suna reno, umarnin mutum ɗaya ya kawo ƙarshensa.

Wanda ya tsira shi ne na gidajen jama'a, domin a warwatse yake, babu sarkin da zai bi bene ɗari-ɗari yana kwasa. Kuma a 1862 wani lauya manomi, Francesco Aggazzotti, ya rubuta wa wani abokin aikinsa Pio Fabriani wasiƙa yana zayyana masa yadda gidansu suke yi daki-daki, da dafaffen ruwan inabi zalla ba gauraye. Wannan wasiƙa ita ce ta zama madogara da aka zo rubuta ƙa'ida. A 1967 masu yin sa a gida suka kafa ƙungiya a wani ƙaramin gari, Spilamberto, inda duk watan Yuni ake gasa, gidaje su kawo nasu a ɗanɗana a fitar da gwani. Da yawansu ma ba sayarwa suke yi ba, na ci ne da kyauta da alfahari.

Kasuwa ce ta zo ta sake lissafin. Daga ƙarshen shekarun 1970 Amurkawa suka gano shi, nema ya yi yawa, alhali gidan da yake ɗibar lita ɗaya a shekara ina zai ciyar da Amurka? Sai masana'antu suka cike gurbin da wani iri mai sauri: a haɗa dafaffen ruwan inabi da khal na yau da kullum, a ɗan sa ƙonannen sukari don launi, a ajiye kwana 60, shi ke nan ya shiga kwalba. Tarayyar Turai ta ba na gargajiyar kariyar doka a 2000, ta kuma ba wannan na masana'anta tasa kariyar a 2009. Na masana'antar ana yin kusan lita miliyan 100 a shekara, na gargajiyar Modena kuwa lita dubu goma sha wani abu ne. Idan maigida ya taɓa shigo miki da kwalbar balsamiko daga manyan kantunan Kano ko Abuja, kusan tabbas na masana'antar ne. Ba jabu ba ne, yana da daɗinsa a kwaɗo, kuma mutane da yawa suna ci daga gare shi. Amma a ganina an ci da gumin masu bene, domin sunan da suka yi ƙarnoni suna ginawa shi ake sayar da kayan wata biyu da shi. Abin ma bai tsaya nan ba, a Disambar 2019 babbar kotun Turai ta yanke, a wata shari'a da wani kamfanin Jamus, cewa kalmar balsamiko ita kaɗai ba mallakar Modena ba ce.

Masu na gargajiyar sai suka tsare abin da ya rage musu da tsauri. Mai ganga ba ya ɗura nasa da kansa ya sayar. Sai ya kai gaban kwamitin ƙwararrun masu ɗanɗano, su duba launi da ƙamshi da kauri ba tare da sanin na wane gida ne ba, in bai kai ba a mayar masa ya koma ganga. In ya wuce sai a ɗura a kwalba iri ɗaya tak mai cin mililita 100, wato kamar cokalin cin abinci bakwai, a manna mata lamba. Kwalbar Modena mai zagayen ciki ce, kuma Giorgetto Giugiaro, shahararren mai zana motoci, shi ya zana ta. Wanda ya shekara 25 ana rubuta masa extravecchio, tsoho tukuf ke nan, kuma 'yar kwalbar nan takan kai Yuro 100 ko fiye. Ko a watan Mayun 2012 da girgizar ƙasa ta afka wa yankin har sau biyu, bayan rayukan da aka rasa, cikin asarar da aka yi kuka da ita akwai gangunan da suka faɗo suka tsiyaye, don abin da ya zube ba kuɗi ke mayar da shi ba, sai shekaru.

Yadda suke cinsa ma ya isa ki gane darajarsa. Ba a dafa shi, wuta tana kashe ƙamshin. Sai an sauke abinci an zuba a faranti ake ɗiga uku ko huɗu. Babban abokinsa shi ne cukun yankin, Parmigiano Reggiano, mai tauri da gishiri-gishiri, wanda shi ma sai ya shekara guda a ƙalla. A ɓantaro gutsure a ɗiga masa, zaƙi da tsami su haɗu da gishirin. Suna sa shi a gasasshen naman sa, da wainar ƙwai mai albasa, da shinkafarsu mai laushi da suke kira risotto. Abin mamaki har a kan sitiroberi da askirim suna ɗigawa. Baƙo mai daraja kuwa akan ba shi a ɗan cokalin tangaran, shi kaɗai, ya lasa.