Tarihin Takardar Shaidar Mutuwa a Ƙasar Jibiya

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jin ƙai.

A cikin ayyukan da ma'aikatan En'e ta Katsina suka riƙe, suka kuma bar wa na bayansu, akwai wani ƙaramin aiki wanda ba a cika ambatonsa ran taro ba, watau rubuta sunan wanda ya riga mu gidan gaskiya. Ba a buga wa wannan aiki tambari, ba a kuwa rataya wa kowa lambar girma dominsa. Amma duk wanda ya taɓa zama zauren alƙali ran rabon gado ya san nauyinsa. Mamaci dai ba shi da bukatar takarda, shi ya tafi ga Ubangijinsa. Masu bukata su ne matar da ya bari cikin takaba, da marayu, da wanda ya ke binsa bashi. Mun zaɓi Jibiya mu ba da labarin a kanta, gama a bakin iyaka ne a kan fi ganin amfanin shaida, a nan ne kuma rashinta ya fi cin mutane.

Zamanin Shaidar Baki

Kafin zuwan Turawa ba a san wata takarda ta mutuwa ba, amma shari'a ba ta bar abin sakaka ba. In mutum ya rasu cikin garinsu, waɗanda suka yi masa wanka, da limamin da ya sallace shi, da jama'ar da suka kai shi makwancinsa, su ne shaidu. Matarsa ta shiga takaba wata 4 da kwana 10. Alƙali ya sa a fid da abin da aka kashe wajen jana'iza, a biya bashi, a cika wasiyya, sa'an nan a raba saura bisa ga abin da Allah ya hukunta. Mata ta sami tumuni in akwai 'ya'ya, in babu ta sami rubu'i. In kuwa ba magaji, dukiya ta tafi Baitulmali.

Wahala ta kan zo ne ga wanda ya mutu a nesa, kamar bafatake da ya tafi Gwanja neman goro, ko alhajin ƙasa da ya bi ta Wadai ya nufi gabas. A nan sai adilai biyu sun tsaya gaban alƙali sun ce sun gani. In ba a sami wanda ya gani ba, littattafan Malikiyya sun ce matar ɓatacce ta kai ƙara, a yanka mata shekara 4 ana cigiya, sa'an nan ta yi idda. Dukiyarsa kuwa ba a taɓa ta sai ya kai shekarun da tsararsa ba su cika wucewa ba. To, ka ga tun wancan zamani rashin shaida ya kan ɗaure mace shekaru, ya hana maraya haƙƙinsa.

Yadda Iyaka Ta Ratsa Dangi

Jibiya tana kusan mil 30 daga birnin Katsina, wajen yamma maso arewa, a kan hanyar Maraɗi. Mutanen Katsina da na Maraɗi asalinsu ɗaya. Sa'ad da Malam Ummarun Dallaje ya ci Katsina cikin 1807, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya suka kafa Maraɗi. Aka daɗe ana kai wa juna hari, amma auratayya da ciniki ba su yanke ba.

Gwamna Lugga ya shiga Katsina cikin 1903. Ingila da Faransa kuwa sun riga sun fara rabon ƙasa a kan takarda, har shiryawar da suka yi cikin 1904 da 1906 ta tabbatar wa Faransa Maraɗi da Tsibiri. Daga 1906 zuwa 1908 Manjo O'Shee da Kyaftin Tilho suka bi daji suna kakkafa alamun iyaka. Daga ran nan mutum ya kwana gidansa ƙarƙashin Ingilishi, gonarsa ko gidan surukansa na ƙarƙashin Faransi. In ya mutu a wancan ƙetare, magada na wannan ƙetare, ga hukuma biyu, ga harshen ofis biyu, alhali kuwa dangi ɗaya ne.

Littafin Haraji

Sarki Muhammadu Dikko, Allah ya ji ƙansa, ya hau gadon Katsina cikin 1906. A zamaninsa, tare da Razdan Palmer, aka kafa Baitulmali na sabon tsari a Katsina tun kafin sauran ƙasashen Arewa, aka yanka wa ma'aikata albashi. Hakimai suka fita birni suka zauna cikin ƙasashensu, ko wanne da malamansa. Hakimin Jibiya shi ke riƙe da sarautar Sarkin Arewa.

Gaskiyar magana, abin da ya fara shigar da sunan mamaci cikin littafi haraji ne. Ko wace shekara malamin haraji ya kan bi gari gari yana rubuta magidanta da samarin da suka isa biya. In mutum ya mutu ba a soke sunansa ba, kuɗinsa na nan a wuyan dagaci. Saboda haka mai unguwa ba ya kwana da labarin mutuwa, sai ya gaya wa dagaci, dagaci ya aika wa hakimi, hakimi ya sa cikin rahoton da za shi fada. A gefe ɗaya kuma ga littafin alƙali, inda muhuti ke rubuta sunan mamaci, da magadansa, da abin da ya bari, da ushirar da aka ɗauka, watau ɗaya bisa goma na gadon da kotu ta raba.

A bakin iyaka aikin ya fi wuya. Mutane da yawa sun ƙetaro daga ƙasar Faransi gudun aikin tilas, wanda ba a soke shi can ba sai cikin 1946. Wani kuma ya kan ƙetara can in lokacin haraji ya matso. To, dole malami ya rarrabe tsakanin wanda ya ƙaura, da wanda ya ɓuya, da wanda ya mutu. Kuskure ɗaya na alƙalami ya isa a raba gadon mai rai, ko a bi marayu da harajin ubansu.

Shekarun Annoba da Yaƙi

Yunwar Kakalaba ta 1914 da murar nan ta 1918 sun kashe mutane ba iyaka, mafi yawansu kuwa sun tafi ba wanda ya rubuta ko sunansu. Agana da sanƙarau ma ba su bar ƙasa ta huta ba. Wannan ya sa likitoci suka matsa a riƙa kawo labarin mutuwa da wuri, domin in aka ga gari ɗaya ya yi jana'iza da yawa cikin mako guda, a san cuta ta shigo, a tura masu lamba da duba-gari. Hanyar nan ta mai unguwa da dagaci da hakimi ita aka bi, don babu wata da ta kai ta shiga lungu.

Ta wajen doka kuwa, a Ikko aka fara. An yi dokar rubuta haihuwa da mutuwa can tun 1863, aka yi wata mai faɗi cikin 1917, aka sake tattara ta cikin 1948. Amma ƙarfin dokokin nan ya tsaya ga manyan garuruwa inda Turawa da baƙi su ke. Mutumin ƙauye a ƙasar Katsina littafin En'e ya sani.

Cikin yaƙin duniya na biyu, daga 1939 zuwa 1945, samarin Arewa da yawa sun tafi har Bama. Wanda ya kwanta dama can, ba mai wanka ko liman na garinsu da ya gan shi. Takarda ce kaɗai ta kan zo daga soja, ta bi ta ofishin Di'o ta gangaro har ƙofar gidansu. A nan talakawa da dama suka fara gane cewa takarda na iya tsayawa a madadin adilai biyu.

Bayan En'e

Zamani riga ne. Nijeriya da Nijar duka sun sami mulkin kai cikin 1960. Bayan juyin mulkin 1966 gwamnati ta karɓe kotuna da 'yan doka da gidajen yari daga hannun En'e. Cikin 1976, zamanin Sarki Usman Nagogo, Allah ya ji ƙansa, aka kafa ƙananan hukumomi, sunan En'e ya kau. Cikin 1979 Gwamna Balarabe Musa ya soke haraji a Jihar Kaduna, wadda Katsina ke cikinta sa'an nan. Talakawa sun yi murna, suna kuwa da hujja. Amma abin da ke tilasta wa dagaci bin sunan ko wane magidanci shekara shekara ya yi rauni. Jihar Katsina ta samu cikin 1987. Sa'an nan cikin 1992 aka yi doka mai lamba 69, wadda ta wajabta rubuta haihuwa da mutuwa a Nijeriya duka, ta danƙa aikin ga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa.

Yau wanda ke neman takardar shaidar mutuwa, wurin magatakardan hukumar nan za shi. In a asibiti aka rasu, ya tafi da takardar likita mai faɗin sanadin ajali. In a gida ne, kamar yadda ya fi yawa a ƙauyukanmu inda a kan yi sutura tun ran nan, sai ya nemi shaidar mai unguwa ko dagaci ko hakimi, ko ya yi rantsuwa a kotu. Ka ga ashe tsohuwar hanya ba ta mutu ba, a kanta sabuwa ta ke tsaye. Da takardar nan a ke neman fansho da garatuti, da ita banki ke sakin ajiyar mamaci.

Mutumin Jibiya yana da ƙarin ɗawainiya. In ɗan'uwansa ya ƙetare Magama ya rasu a Ɗan Isa ko Maraɗi, takardarsa daga ofishin magajin gari na can za ta fito, da Faransanci, in an makara kuwa sai kotu ta yi hukunci tukuna. Sa'an nan sai an fassara ta. Ga kuma bambancin rubutun suna: wanda mu ke rubutawa Usman su Ousmane su ke sawa, Abubakar ya koma Aboubacar. Harafi biyu sun isa su sa akawu ya ce ba mutum ɗaya ba ne. Da aka rufe iyakar Jibiya daga Agusta 2019 zuwa Afrilu 2022, da kuma daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, ciniki kowa ke kuka da shi, amma rufewar ta shafi har mai zuwa ta'aziyya da mai neman takardar gado.

Gargaɗi Ga Na Baya

Malamai na cewa abin da aka rubuta shi ke tabbata, wanda aka bar wa ƙwaƙwalwa ya kan gudu. Darajar takarda ba ga hatiminta ta ke ba, tana ga gaskiyar wanda ya rubuta ta. Wanda ya sa hannu ga mutuwar da bai tabbatar ba ya yi shaidar zur, wanda kuwa ya ja wa mai takaba rai don neman goro ya ci haƙƙin maraya. Ku da kuka gaji kujerun malaman dā, ku rubuta suna cikakke da sunan uba, da rana, da wuri, ku kuma hori jama'a su zo tun shaidu na da rai.

Malaman hakimai da muhutai da suka yi wannan aiki bisa tabarma, da tawada da alƙalami, yawancinsu yau an rubuta nasu sunayen. Allah ya gafarta musu, ya sa aikinsu cikin mizani. Allah ya ja zamanin Sarki, ya zaunar da ƙasar Katsina da maƙwabtanta lafiya, amin.

Haza wasalamu.